Wace manhajar taswira ce ta dace da direban tirela?

Sabon Direba (Dawanau)

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekara shida na yi ina yaron mota, kuma wata huɗu ke nan da maigidana ya damƙa mini makullin tirela, ina ɗaukar riɗi da waken suya daga Dawanau zuwa Legas. Hanyar ba baƙuwata ba ce, amma zama a kujerar yaro daban, riƙe sitiyari daban, shi ya sa nake kunna taswirar waya domin ta riƙa tuna mini da mararraba. A tafiyata ta makon jiya, bayan na wuce Ojoo na doshi Iwo Road a Ibadan, sai na tarar da cunkoso, manhajar kuma ta ce ta samo mini wata hanya da za ta rage minti 25. Na bi ta. Ban yi nisa ba titin ya tsuke, rumfunan masu kaya suka matso dama da hagu, sannan na iske wayoyin lantarki sun sauko har suna gogar tamfol ɗin da na rufe kaya da shi. Gaba ba ta yiwu ba, wurin juyawa kuma babu. Sai da matasan unguwar suka tallafe wayoyin da gora, yarona yana baya yana ba ni hannu, na yi ribas na kusan rabin kilomita, sannan na biya kuɗin rumfa ɗaya da bodi ya taɓa. Minti 25 ɗin nan sun ci mini awa biyar.

Na ji ana cewa akwai manhajojin da aka yi musamman domin manyan motoci, waɗanda ake biyan kuɗinsu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni: wacce ce ta dace da hanyoyinmu, kuma kuɗin da ake biya yana fanshe kansa?

Baba Tsohon Direba (Funtuwa)

Wa alaikumus salam. Ɗana, barka da arziki, kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan rumfa, domin da wayar lantarkin nan ta tsinke a kan kayanka da labarin ya canza. Na fara jan babbar mota tun lokacin da Roka ce sarauniyar hanya, kuma ba zan ce maka ka jefar da waya ba, tunda ni ma jikana ya saka mini ita. Kuskurenka ɗaya ne: ka bar ta ta zaɓa maka hanya alhali kana cikin tafiya. Direban tirela yana zaɓen hanyarsa ne tun yana tsaye a tasha, kafin ya tayar da mota. Daga Kaduna zuwa Legas, ko dai ka bi Birnin Gwari da Tegina ka faɗa Mokwa, ko ka gangara Suleja ka bi Lambata da Bida ka haɗe da Mokwa da Jebba da Ilorin, ko kuma ka bi Abuja da Lokoja da Okene. A taswira ta Birnin Gwari takan fito gajera mai ban sha'awa, amma duk wanda ya yi tuƙi a shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar ya san cewa ba tsawon kilomita ake dubawa ba. Ko yanzu da ake cewa an samu sauƙi, ba na shiga sai na zauna wurin mai shayi a Marabar Jos na tambayi wanda ya fito ta can jiya. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya fito jiya zai gaya maka kwalbatin da ya rufta, da shingen da aka ƙara, da garin da bai kamata magariba ta riske ka a cikinsa ba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da tauraron ɗan'adam zai hango maka. Cunkoson Iwo Road kuwa, da ka yi haƙuri a layinka da ka wuce shi, tunda titin da ya ɗauki tirelar da ke gabanka zai ɗauki taka.

Mai Gyaran Waya (Kano)

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ba direba ba ne, amma ƙanina yana jan tanka, kuma direbobi da yawa ni nake saita musu waya, don haka ina neman izinin rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa.

Na farko shi ne gane inda kake. Wannan aikin taurarin GPS ne, waɗanda Amurka ta harba, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Wayarka sauraronsu kawai take yi, ba ta aika musu komai, kuma idan ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu za ta lissafa wurin da take. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da na Rasha da na Turai da na Sin. Wannan ɓangaren ba ya cin data ko kaɗan. Na biyu shi ne taswirar kanta, wato zanen tituna da sunayensu, wadda ko dai tana saukowa ta intanet a hankali yayin da kake tafiya, ko kuma ka riga ka sauke ta ka ajiye. Na uku shi ne lissafin hanya, kuma a nan ne ɗan'uwanmu ya samu matsala.

Google Maps da Waze, waɗanda duka na kamfani ɗaya ne tun 2013, ba su da wurin da za ka rubuta tsayin motarka ko nauyinta, domin ƙaramar mota suke lissafawa. Duk wata manhaja irin wannan, idan ta ga babban titi ya cushe, za ta nemi lungun da ƙaramar mota za ta iya ratsawa, ba tare da ta san kana jan abin da ya fi mita 15 tsawo ba. Waɗanda aka yi domin manyan motoci, irin su Sygic na tirela, da CoPilot, da tsarin manyan motoci na TomTom, suna tambayar ka tsayi da faɗi da tsawo da nauyi, wasu har da adadin gatari, wato ƙarfen da tayoyi suke a kansa, da ko kayan masu kama wuta ne, sannan su kauce wa titin da aka rubuta cewa bai dace da kai ba. OsmAnd ma tana da irin wannan tsari, kuma ana iya fara amfani da ita ba tare da biyan komai ba. Shawarata ga ɗan'uwa ita ce kada ya biya kuɗin shekara sai ya tabbatar taswirar Nijeriya tana cikin abin da ake sayar masa, kuma ya yi amfani da kwanakin gwaji a kan hanyar da ya riga ya haddace, domin a nan ne zai gane ko manhajar ta san abin da take faɗa.

Direban Tanka (Suleja)

Malam mai gyaran waya, bayaninka ya yi kyau, amma ni na riga na biya kuɗin karatun nan. Shekara biyu da suka wuce na sayi wata manhajar manyan motoci, ba zan ambaci sunanta ba, na zauna na cika mata komai, har da cewa fetur nake ɗauke da shi. A kan manyan hanyoyi ba ta nuna mini wani abu da ta kyauta ba ta nuna ba. Da na shiga cikin gari kuwa, sai ta doshi wata gadar ƙasa da ni kai tsaye, wadda na san da idona cewa tanka ba ta wuce ta, kuma ba ta yi ko tari ba. Na tsaya tun daga nesa na bi ta bayan gari. Wata rana kuma ta ƙi yarda da wani titi mai kyau da muke bi kullum, ta dage sai na yi zagayen kusan kilomita 40. Da wa'adin kuɗin ya ƙare ban sabunta ba. Ban ce ƙarya masu ita suke yi ba, wataƙila a ƙasarsu tana aiki, amma ni a nan ban ga abin da na saya ba.

Mai Gyaran Waya (Kano)

Yallaɓai, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma dalilinsa a fili yake. Manhajar ba ta auna gada da kanta, karanta abin da wani ya rubuta mata take yi. A Ingila, duk gadar da sararin ƙarƙashinta bai kai ƙafa 16 da inci 6 ba ana kafa mata allo mai nuna tsayinta, kuma babbar mota tana ɗauke da takardar tsayinta a gaban direba. Masu taswira suna kwashe waɗannan alƙaluma su zuba, shi ya sa lissafin yake fita daidai a can. A nan kuwa, gadoji nawa ka gani da allon tsayi, balle a ce wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shigar? Inda babu rubutu, manhajar za ta ɗauka babu matsala. Haɗarin ma ya fi na ta kyauta ta wata fuskar, domin wanda ya biya kuɗi ya cika tsayin motarsa zai saki jiki, yana ganin an riga an duba masa.

Ɗan Gusau

Ni ina ganin an tsallake abin da ya fi muhimmanci a gare mu mutanen yamma, wato aiki ba tare da sabis ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, kuma wasu wuraren sun haura wata biyu a haka. A lokacin ina ɗaukar taki da hatsi tsakanin Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara. Abokan aikina da yawa sun ɗauka taswira ta mutu tare da layi, kuma tasu ta mutu ɗin, domin da sun buɗe sai su ga ɗigon shuɗi yana yawo a kan farin fili babu titi ko ɗaya. Ni kuwa wani ɗalibi ya taɓa sauke mini taswirar yankin gaba ɗaya a waya, sai ga shi ina wuce Tsafe tana nuna mini inda nake da sauran kilomita nawa zuwa Kwatarkwashi. Takan ɗan jima kafin ta gano wurin idan an kunna ta da safe, amma tana ganowa. Amfaninta a wurina ba nuna hanya ba ne, tunda hanyar ɗaya ce. Amfaninta shi ne ranar da fanbel ya tsinke mini da yamma, na duba na ga gari mafi kusa yana bayana ne da kilomita shida, ba gabana ba, na tura yaro a kan babur ta inda ya dace. Saboda haka kowace manhaja mutum zai zaɓa, ya sauke taswirar hanyarsa tun yana gida, ya kashe data ya gwada ta, kuma ya riƙa sabunta ta. Sai dai ya sani cewa idan babu data ba zai ga cunkoso ba.

Baba Tsohon Direba (Funtuwa)

Wannan maganar ta Ɗan Gusau na karɓe ta. Sanin ko gari yana gabanka ko yana bayanka idan mota ta lalace da la'asar ba ƙaramin abu ba ne, kuma a zamaninmu da alamun kilomita na bakin titi muke ganewa, waɗanda yanzu yawancinsu ciyawa ta cinye ko an tumɓuke su.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga magabata. Mu a Nijar darasinmu ya zo ta wata fuskar. Shekara da shekaru hanyar kayanmu ita ce daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin zuwa Paraku, a haye gadar Malanbil a shiga Gaya, sannan Doso, daga nan mai zuwa Yamai ya yi yamma, mai zuwa Ƙonni da Maraɗi ya yi gabas. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar, kaya suka koma bi ta Lome a ƙasar Togo, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori a shigo ta Tera, kuma a ayari ake tafiya da rakiyar sojoji. A irin wannan tafiya babu abin da manhaja za ta zaɓa maka, domin ranar tashi da wurin kwana duk ba a hannunka suke ba, kuma kana iya yin makonni kana jiran a haɗa ayari. Ba ta kuma san sikelin da ake auna nauyin gatari a kansa ba, wanda a wurinmu shi ne abin da ke raba direba da kuɗinsa idan ya yi lodi fiye da ƙa'ida.

Wani abin da nake so ƙanenmu ya kiyaye shi ne sunaye. Idan ka shigo wajenmu, rubutun Faransanci ne a taswira: Damagaram za ka same ta a Zinder, Tawa kuma a Tahoua. Ku ma a Nijeriya kuna da naku tarkon, tunda akwai Tudun Wada a Kano da Zariya da Kaduna da Jos da Gusau, akwai Sabon Birni a Sakkwato akwai a Kaduna, Sabon Gari da Mararraba kuwa ba su ƙirguwa. Kada ka danna sunan farko da ya fito. Ka janye taswirar baya ka ga jihar da garuruwan da ke kewaye kafin ka yarda.

Direban Kwantena (Apapa)

Ni shekarata goma sha ɗaya ina shiga tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can a Legas, kuma zan ɗan saɓa wa Baba cikin ladabi. A kan babbar hanya bakin mutane ya fi waya, wannan babu gardama. Amma a cikin Legas, kilomita goman ƙarshe kafin wurin sauke kaya, bakin mutane yakan gaza, domin wanda ka tambaya ko dai bai san siton ba, ko ba ku jin yaren juna, ko kuma ya nuna maka hanyar da yake bi da ƙafa. A nan taswira take da rana. Abin da nake yi shi ne, kafin na tashi daga Ogere, inda tireloli suke tsayawa a hanyar Ibadan zuwa Legas, sai na sa mai kaya ya je ƙofar da tirela take shiga, ba ofishinsa ba, ya turo mini wurin ta WhatsApp daga nan inda yake tsaye. Sai na buɗe hoton tauraron ɗan'adam na bi titin da yatsa tun daga babbar hanya har ƙofar. Abin da nake nema a hoton shi ne wasu tireloli. Idan na ga dogayen motoci a fake a layin, na san zai ɗauke ni. Idan ban ga ko ɗaya ba, sai na sake kiran mai kayan na tambaye shi ta ina motar da ta kawo masa kaya na ƙarshe ta shigo.

Akwai kuma dokokin gari da ba za ka dogara da waya ta gaya maka ba. Tun Fabrairun 2021 ba a shiga tashar jirgin ruwa sai da tikitin Eto, wato izinin shiga da ake yanka ta intanet, kana jira a garejin da aka amince da shi har a kira ka, don haka ko taswira ta nuna titin Apapa fayau ba izinin tafiya ba ne. Gadar Ojuelegba kuma, bayan kwantenar da ta faɗo kan motar fasinja a Janairun 2023 ta kashe mutum tara, an hana manyan motoci hawanta.

Sannan ina tambayar ƙanina: ka san tsayin motarka da lodi? Kwantena ta yau da kullum ƙafa 8 da rabi ce, doguwar kuma ƙafa 9 da rabi, kuma idan ta hau tirela takan haura mita 4. Mu namu a ƙayyade yake. Ku masu buhuna kuwa kowane lodi da tsayinsa, gwargwadon yadda leburori suka jera.

Hajiya Mai Motoci (Kaduna)

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, domin motoci uku marigayi maigidana ya bari, kuma ni nake kula da su. Matsalar da manhajar nan ta jawo mana ba ta direba ba ce, ta masu kaya ce. Ɗan kasuwa zai buɗe wayarsa a shago ya ga an rubuta masa cewa Kano zuwa Legas awa goma sha wani abu ce, sai ya fara kirana washegari da hantsi yana tambayar inda kayansa suke. Wannan lissafin na ƙaramar mota ne da ba ta tsayawa. A ƙa'idar hanya ta ƙasar nan, tirela da tanka kilomita 60 a awa aka yarda musu a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra take tilasta saka na'urar taƙaita gudu. Ka ƙara salla da abinci da barci da shingaye da ramukan Bida, za ka ga kwana biyu zuwa uku ne idan komai ya tafi daidai. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya riƙa kallon lokacin isa da ke ƙasan allo yana ƙoƙarin cim masa. Na gaya wa direbobina cewa wannan lambar ba da su take magana ba.

Inda na amfana shi ne raba wuri kai tsaye ta WhatsApp, wanda yake yin awa takwas kafin a sabunta. Da asuba direba ya kunna mini, da azahar ya sake, ni kuma na daina damunsa da kira yana tuƙi.

Ɗan Gusau

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji. Ina roƙon a yi hattara da wannan raba wurin. A tura wa mai mota shi kaɗai, ko wani ɗan'uwa guda. Na sha ganin yara suna jefa shi a zauren da ke da mutum ɗari biyu, wasu ma ba a san wanda ya shigo da su ba, tare da hoton lodin da suka ɗauka. A hanyoyinmu wannan daidai yake da sanar da ɓarawo abin da ka ɗauko da lokacin da za ka iso dajinsa.

Hajiya Mai Motoci (Kaduna)

Amin, na gode. Ni kaɗai suke turo wa, kuma ko mai kaya ba na miƙa masa, sai dai na gaya masa garin da mota ta wuce.

Direban Tanka (Suleja)

Domin kada a ce na zo ɓata manhaja ne kawai, bari na faɗi ranar da ta yi mini rana. A farkon Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta shanye titin Lokoja zuwa Abuja a Koton Ƙarfe, ina tahowa daga kudu da lodi. Tun ina wajen Akure labari yake zuwa iri biyu, wani ya ce ruwa ya janye ana wucewa, wani ya ce ko keke ba ya ratsawa. Da na buɗe taswira mai nuna cunkoso sai na ga jan layi ya miƙe tun kafin gadar Murtala da ke kan kogin Neja, ba ya motsi. Wannan launin daga wayoyin mutanen da ke tsaye a wurin ake tattara shi, don haka shaida ce ta waɗanda abin ya rutsa da su. Na kira wani abokina da ke cikin layin ya tabbatar mini kwanansa uku a nan. Sai na juya na bi Ilorin da Jebba da Mokwa da Bida. Na sha wahalar hanya, amma na sauke a Suleja alhali waɗanda muka yi lodi tare suna can, Abuja kuma tana fama da layin mai. Amma ku lura, ba ita ta ba ni hanyar Mokwa ba. Ta nuna mini inda ya toshe, ni na nemi mafita.

Baba Tsohon Direba (Funtuwa)

To ai kun dawo kan maganata, ɗana na Suleja, tunda sai da ka kira mutum kafin ka juya. Na kuma yarda da na Apapa a kan cikin Legas, domin ni kaina na taɓa kwana a Ijora ina neman wani sito da ke bayan katangar da na jingina da ita. Abu ɗaya zan ƙara, kuma ba na sassautawa a kansa: waya ba ta zama a hannun direba. Laifi ne a doka, kuma tirela mai lodi ba ta tsayawa a inda ka taka birki. A maƙala ta a gaban mota, a ɗaga murya, duk abin da ke buƙatar dannawa yaron mota ya danna. Idan yaron bai iya karatu ba, ka koya masa a tasha, ai haka aka koya mana ɗaure igiya.

Mai Gyaran Waya (Kano)

A kan maƙalawar, a guji manna ta a jikin gilashi inda rana take dukanta, domin yawancin wayoyin direbobi da ake kawo mini batirinsu ya kumbura ne saboda zafin rana da caji da taswira a lokaci guda. A kuma duba caja, tunda wutar yawancin manyan motoci bolt 24 ce, ta ƙananan motoci kuma 12, kuma ba kowace caja ce take ɗaukar duka biyun ba.

Ina da wata shawara ga zauren nan. Taswirar da OsmAnd take amfani da ita, wato OpenStreetMap, jama'a ne suke zana ta, kuma kowa yana iya yin rajista ya gyara. Ƙauyukan Arewa da yawa sun shiga cikinta ne ta hanyar aikin rigakafin shan inna. Da a ce duk wanda ya san tsayin wata gada ko titin da aka hana tirela zai turo mini, da na riƙa shigarwa, kuma bayan an sabunta taswirar duk mai manhajar zai amfana.

Direban Tanka (Suleja)

Niyyar tana da kyau, Malam, amma wa zai tsaya a ƙarƙashin gada da tef yana awo, motoci suna wucewa? Kuma idan wani ya turo maka ƙiyasi ka shigar, gobe wani ya dogara da shi ya cusa kwantena ta maƙale, alhakin a wuyan wa yake? Ni dai zan iya turo maka titunan da na san an hana mu, wannan ba ya buƙatar awo.

Mai Gyaran Waya (Kano)

Ka yi gaskiya. Ba zan shigar da tsayin gada ba sai wanda aka ɗauko hoton allonsa. A fara da titunan da aka hana.

Sabon Direba (Dawanau)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya na Apapa, tambayarka ta ba ni kunya, domin shekara shida ina hawa saman lodi ina ɗaure tamfol, amma ban taɓa sanin tsayinsa ba. Yau da aka gama mini lodin riɗi na sayi tef, yarona ya hau ya sako shi, muka samu mita 4 da santimita 20 a tsakiya inda buhunan suka yi tozo. Na rubuta a takarda na liƙa kusa da sitiyari. Kuɗin manhaja na fasa biya a yanzu. Na je wurin wani mai waya ya sauke mini taswirar hanya tun daga Kano har Legas a manhajoji biyu, ta yau da kullum domin ganin cunkoso, da OsmAnd wadda muka cika mata awon motar, kuma zan gwada ta a wannan tafiyar na ga inda za mu saɓa. Baba, jibi da asuba zan tashi, kuma zan tsaya a Marabar Jos na yi tambaya kafin na yanke tsakanin Bida da Lokoja. Mai kayan ya turo mini wurin saukewa a Ikorodu, na buɗe hoton sama kamar yadda aka koya mini, amma ban ga tirela ko ɗaya a layin ba, sai ƙananan motoci da wani abu mai kama da rumfunan kasuwa a bakin shiga.

Direban Kwantena (Apapa)

Kada ka tashi da wannan wurin. Mai yiwuwa daga ofis ko daga gida ya turo maka. Ka kira shi yau ka ce ya je ƙofar sito ya sake turowa, ya haɗa da hoton ƙofar da na titin ta ɓangarorin biyu, ya kuma ba ka lambar direban da ya sauke masa kaya na ƙarshe. Idan ya turo, ka miƙo mini ta akwatin sirri na duba maka, domin akwai layuka a Ikorodu da ake shiga ta baya kawai saboda kasuwa.